Dakon da Babanmu Bai Dawo Ba

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don tsoron ɗaukar alhakin mamaci.

Shekarar da Turawa suka fara ɗibar 'yan dako a Jega, aka tafi da babanmu ya kai kayan wani Bature Maiyama. Bai dawo ba. Ƙanensa ne ya riƙa raka innarmu cigiya har Andarai, yana cewa, "Yi haƙuri, matar yaya, yana nan tafe."

Sai da ciwon ajali ya kama ƙanen nan ya faɗa mana cewa shi ne wanda mai unguwa ya aiko a kira dakon, shi kuwa ya nuna ƙofar wansa. Inda baba ya ƙare kuwa, ya ce bai sani ba. Na kasa gaskata shi.

Duk wanda mahaifinsa ya yi dakon nan, don Allah ya sanar da mu inda aka baro babanmu, wani mahauci mai giɓi, ko da kabari ne.