Ranar da na rage wa jikana shekara uku

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban yi karatu ba, ɗiyar ƙanwata ce take rubuta muku wannan yadda nake faɗa mata. Lokacin da abin ya faru ina zaune a ƙasar waje, a unguwar Bromakoté cikin Adjamé, ina suyar ƙosai a ƙofar gida, ban daɗe da fita takabar Malam ba. Allah ya jiƙansa, ƙarfinsa duka a tashar jiragen ruwa ta Treichville ya ƙare, wajen sauke kaya. Har yau in na ambace shi sai hawaye ya zubo mini, kuma ba na ɓoyewa.

Muna da jika namiji a gidan, ɗan babban ɗana, wanda nake kira mai gida, shi kuma yana ce mini amarya mai furfura. Duk ƙarshen shekara akan kafa wurin wasan yara a Treichville, da lilo iri-iri, har da wani babba mai kama da ƙafar keke, wanda yake ɗaga mutane sama. Malam ya yi wa yaron alkawari cewa in ya cika shekara bakwai za su hau shi tare, ya nuna masa jiragen da yake yi wa aiki. Yaron ya cika bakwai, ya fara salla, yana gaya wa duk wanda ya zo sayen ƙosai cewa shi yanzu babba ne. Malam bai kai ƙarshen shekarar ba. Sai na ce ni zan cika masa.

Muka hau bas da maƙwabciyata da 'ya'yanta, muka haye gada. A layin shiga ta raɗa mini cewa ƙananan yara ba a biya musu, jikana kuwa ɗan tsurut ne, in na ce shekararsa huɗu babu mai musu. Ta ce kowa haka yake yi. Ba wai ba ni da kuɗin ba ne, suna ɗaure a bakin zanena. Kawai na ga kamar wauta ce in biya abin da wasu ke samu kyauta. Na sunkuya na gaya masa abin da zai faɗa, tunda shi ke jin Faransanci. Ya ce ai shi bakwai ne, ko amarya ta fara ruɗewa? Na murɗe masa kunne. Da matar ƙofa ta tambaye shi, ya ɗaga yatsu huɗu, kansa a ƙasa. Ta buga masa jan tambari a bayan hannu, muka shige.

Bai kalli dokin katako ba, bai kalli masu alawa ba, ya ja ni kai tsaye zuwa babban lilon. Muka daɗe a layi cikin rana. Da muka iso, saurayin da ke tsaron wurin ya kama hannunsa, ya ga jan tambari, ya ce da Julanci, yaren kasuwa na garin da ni ma nake ji, wannan na jarirai ne, ba sa hawa nan, a kai shi wajen agwagwar roba. Jikana ya ce shekararsa bakwai, har salla yake yi. Saurayin ya yi dariya ya ce to lallai ya girma da sauri, daga ƙofa zuwa nan ya ƙara shekara uku, kafin magariba sai a nema masa mata. Mutanen layi suka fashe da dariya. Sannan ya juyo gare ni, ya tambaye ni, ya ce Mama, ke ce babba, faɗi gaskiya, nawa ne?

Nan ne inda nake kuka in na tuna. Mutane sun zuba mini ido, ga ni da farin mayafi da carbi a hannu. Na kasa cewa ni na sa shi. Na ce huɗu ne, rigima ce kawai irin ta yara. Saurayin ya dungure masa kai, ya kira shi ƙaramin maƙaryaci. Yaron bai yi kuka ba. Ya dube ni kawai, ya saki zanena. Da na koma ƙofa na biya, da an sake masa tambari, amma maƙwabciyata tana gefe, na ji nauyi. Na saya masa soyayyar ayaba, ya riƙe ta har ta huce.

Da muka dawo gida uwarsa ta tare shi da murna, tana tambaya ko ya ga jiragen Kaka. Ina daga ɗaki ina jira ya tona ni. Sai na ji ya ce ya gani, manya-manya, ɗaya fari ɗaya baƙi, har da mutane a kai kamar tururuwa. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Uwar ta ce Alhamdu lillahi, alkawarin Malam ya cika, ta leƙo ta yi mini godiya. Na amsa. Da safe yaron nan bai iya ƙarya ba, sai da na murɗe masa kunne. Kafin la'asar ya iya ta har ya rufa mini asiri da ita. Ban sake samun kai shi ba, don shekarar da ta biyo uban ya kwashe su suka koma Najeriya.

Abin da na gane shi ne, yaro ba ya raba ƙaramar ƙarya da babba, abin da ya ga babba ya yi shi ne daidai a wurinsa. Kuma wadda ta yi ta farko a ƙofa, za a sake tambayarta a ciki, gaban jama'a. Iyaye da kakanni, ina roƙonku, ku faɗi shekarun yaranku yadda Allah ya ba su. In babu kuɗin shiga, ku ce masa babu, ku juya gida. Zai yi kuka, amma irin wannan kukan kafin ku kai tashar bas ya ƙare.