Jikokin Ludayin Kawu

"Tsayar da shanun nan!" na daka wa Kawu tsawa a fadamarmu. Saura ƙiris garma ta bi ta kan sheƙar agwagwar daji cike da ƙwai.

Ya ce, "Sarkin faɗa, kwaso mana na shayi."

Na ce, "Wallahi Kawu, ƙwan nan ba za a soya su ba, sai dai ka soya ni!"

Don kada uwar ta ji warin hannu ta guje su, na fizge ludayin furarsa, na kwashe su ɗai-ɗai zuwa gindin gamba.

Jama'a, yau sun ƙyanƙyashe! Ga 'ya'yan reras bayan uwarsu a kududdufi! Kawu sai washe baki yake, wai jikokin ludayinsa ne.

Ku faɗi gaskiya, da ku ne, ceto ko suya?