Wa Za a Fara Cetowa?

Duk wanda ya taɓa zama da Yaya Sani a mamak, wato shagon shayin ƙasan gidanmu na unguwar Setapak, a ƙasar da muka je karatu, ya san dokarsa: in shayi ya zube a tebur, ba a gogewa. Sai ya riƙe hannun mai tsumma, ya zaro ido ya ce, "Tsaya! Jirgin mai ya fashe. Wa za a fara cetowa?"

Aikinsa ke nan a digirinsa na uku, zana taswirar bakin teku: inda masunta ke jefa koma, inda ake wanka, inda ake kiwon kifi, don ranar da mai ya malala masu agaji su san inda za su fara tarewa. Matsalar ita ce ba ya barin aikin a makaranta. Ran nan shayina ya kife, ya yayyaga gurasar roti ya kare wayarsa, ya kare kwanon miya, shayin kuwa ya gangaro kan farin wandona.

"Haba Yaya Sani! Ni fa?"

"Ai ba ka cikin taswira, ƙanena. Ka ga illar abin ke nan."

Abin dariyar, mutumin Gumel ne, ko kududdufi bai taɓa shiga ba. In za shi bakin teku, tun daga tashar bas yake ɗaura rigar ceto ruwan lemo a kan kaftani, da ita yake salla a masallacin masunta. Bulus, ɗan Jos ɗin da muke haya tare, ya ce, "Oga, relax lah, teku fa yana can da nisa." Yaya Sani ya ce, "Na zo in cece shi ne, ban zo ya ci ni ba."

Sai korona ta zo, aka kulle gari, aka hana tsallaka jiha. Taswira ta kammala, saura wani zirin gaɓa da bai taka da ƙafarsa ba, ya bar shi fari fat a taswirar. Hoton tauraron ɗan'adam ya nuna laka ce zalla. Malamarsa ta ce ya rubuta ba a amfani da wurin ya miƙa aikin, tunda tallafin karatunsa ya zo ƙarshe. Ni ma na sa baki, na ce iyalinsa na jira a gida.

"Tauraron ɗan'adam ya taɓa cin kerang?" ya ce. "In na rubuta babu kowa, ranar da mai ya zo can za a kora shi. In gonar wani ce fa?"

Kerang dai ƙumba ce da ake tona a laka, kuma tun daga ranar muka shiga uku. Kullum sai ya sa takunkumi ya nufi kasuwa ya sayo, don kawai ya tambayi mai sayarwa daga ina aka tono. Amsa ɗaya suke ba shi: "Daga teku mana, Haji!" Muka ci kerang da shinkafa, muka ci da tuwo, har a miyar kuka. Bulus ya ce, "Oga, ko a gidan yari ana canza miya."

Kun san sauran. Cutar ta kama Yaya Sani, ba a bar mu mun ko leƙa shi ba. Saƙon muryarsa na ƙarshe daga asibiti, yana numfashi da ƙyar, bai wuce wannan ba: "Kar ku bari a miƙa da farin wurin nan."

Da aka buɗe hanya muka tafi, ni da Bulus. Laka ce kuwa, babu ko tsuntsu, har na fara cewa taurin kai ne kawai irin nasa. Sai ruwa ya janye. Ga tsofaffin mata nan suna gangarowa da bokitai, suna shiga lakar har gwiwa suna tonon kerang. Ina tsaye cikin rigarsa ruwan lemo, wallahi kuka na yi kamar yaro. Muka kai wa malamarsa labarin, ta sa wurin a taswira, da sunan Yaya Sani a ƙasa.

Allah Ya jiƙan Yaya Sani, Ya raya masa zuri'a. Ya Ubangiji, ranar da za a tambayi wa za a fara cetowa, Ka sa shi cikin na farko.