Saraya Ta Kayar Da Ni A Gaban Kakarta

Jikata ta kai ni ƙasa! Barkanku da yamma, jama'a. Ku yi haƙuri, murna ce ta sha gaban gaisuwa.

Saraya tana karatun jinya a nan Kafanchan, tana kuma koyon kokawar nan ta zamani da ake kira judo. Ta nemi izinin zuwa gasa a Kaduna, na hana, don yarinyar siririya ce kamar karan dawa. Ni kuwa a zamanina bayana bai taɓa shan ƙasa a kokawar garin Godogodo ba. Na ce mata, "Ranar da kika kayar da ni, sai ki tafi."

Yau da muka dawo daga coci, sai na ga ta shimfiɗa katifa a tsakar gida.

"Ta wa ce?"

"Taka ce, Kaka."

Na kafa ƙafa, na cika ƙirji. Ta ɗan ja hannuna, ta taɓa bayan gwiwata da ƙafarta. Sai ga ni kwance ina kallon sama, matata, kakarta, tana dariya har da hawaye.

"Ke! Wane asiri ne wannan?"

"Ba asiri, Kaka. Nauyinka duk ya koma ƙafa ɗaya, gwiwa kuma in an taɓa ta ta baya, dole ta lanƙwashe. A aji muka koya."

Da furfurata na koyi rubuta kalmar gwiwa a ajin yamma, amma malaminmu bai ce mana haka take cin amana ba.

Saraya za ta Kaduna! Ku zo gidanmu ran Asabar ku ga dabararta da idonku. Mai gardama ma ya zo, ba mu ɗauke katifar ba.