Wasiƙar Soyayyar Da Ta Zama Takardar Gona

Ban taɓa gaya wa kowa ba: wata shida ina ɓoye tsohuwar wasiƙar da na tsinta cikin akwatin Baba, nan garin Bron inda muke zaune. Ga abin da ke rubuce a ciki:

"Daga tsamiya, taki arba'in gabas, har bakin rijiya."

Ni da littattafan soyayya suka gama da ni, na ɗauka kakanmu ne ke kwatanta wa budurwarsa mahaɗarsu. Har hawaye na yi!

Jiya Baba ya kira Baffa na Paris a waya, murya a buɗe ina ji: "Yaya, takardar iyakar gonarmu ta Damagaram ta ɓace, kuma maƙwabci ya ce rijiyar tasa ce."

"Wane mahaukacin ɓarawo zai saci wannan?" in ji Baffa.

Ni ce, Baffa.

Yau zan miƙa ta. Amma jama'a, me zan ce kan zukatan da na zana a gefenta da jan biro?