Ƙwaryar Kaka da Furar Maradun

Daga Kano zuwa Talata Mafara

Ladan bai ko gama gyaran murya ba Kaka ta zungure ni da sandarta. "Zulai, tashi, mota ba ta jiran mai munshari." Ni dai ba na munshari, sharrin tsofaffi ne. Muna idar da sallar asuba Kawu Sale, ƙanen Babana, ya sa mu a gaba sai tasha.

Dalilin tafiyar wata ƙwarya ce. Tun da na buɗe ido na tarar Kaka ba ta shan fura sai a cikinta. Ta tsufa har ta yi ja kamar goro, a gefenta an zana tsuntsu guda mai tukku, wato gauraka. Ana nan akuyar maƙwabta ta shigo ta ture ta, ta tsage daga baki zuwa ciki. Daga ranar Kaka ta daina shan fura, abinci ma sai ta tsakura. Mama ta sayo kwanon silba, ta sayo na tangaran, Kaka ta ce duk ƙarni suke yi. Ta rame har zobenta yana zamewa.

Sai da aka matsa mata ta faɗi abin da ke ranta. Suna 'yan mata a ƙauyensu Damaga, can ƙasar Zamfara, ita da ƙawarta Ladi, aka fafe musu duma guda gida biyu, kowacce ta ɗauki rabi, aka zana wa kowane rabi gauraka ɗaya. Aure ya kawo Kaka Kano, tun daga nan ba su sake haɗuwa ba. Ta ce tsagewar nan ba banza ba ce, tana so ta ga Ladi tun ana numfashi. Aka ce ni zan raka ta tunda ana hutu, kuma gidan zai huta da bakina.

Direbanmu ya cusa mu kamar kifin gwangwani. Ƙafata ta hagu ta mutu tun a Funtuwa, ba ta farfaɗo ba sai Gusau. A wani shingen sojoji bayan Tsafe, wani soja ya ga Kaka ta rungume ƙunshin zane a ƙirji.

"Mama, mene ne a ciki?"

"Dukiyata ce."

Na ce shi ke nan, yau za mu kwana a bariki. Ya sa ta kwance, ya ga tsagaggiyar ƙwarya. Sai ya ce kakarsa ma tana da irinta, ya naɗe mata da hannunsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Wani abin mamaki, muna wuce Gusau Hausar Kaka ta juye. Matar da ta fi Babana daɗewa a Kano sai ga ta tana cewa direba, "Kai yaro, tahi sannu, mi kake ma gaggawa?"

Talata Mafara

Bayan la'asar muka sauka gidan Alhaji Mamman, abokin Kawu, mai fataucin shanu. Gaisuwa kawai ta ci lokacin da zan iya wanke kwanukan gidanmu duka. An tambayi gajiya, an tambayi Kano, an tambayi damina, an koma kan gajiya ko ta canza shawara.

Matarsa, Hajiya Asabe, ta kawo tuwon shinkafa da miyar yakuwa da nama zuƙu-zuƙu. Na ɗauka shi ke nan abincin dare, na ci har na sassauta zane. Ina lashe hannu sai ga sallama: yarinya da kwano daga maƙwabta, wai a ba baƙi. Kafin ta fita ga wata. Kafin isha kwanuka sun kewaye ni kamar an kafa kasuwa. A ciki har da hoce, wata waina ta dawa mai kauri wadda idan ka ci ɗaya da safe, sai ka manta da yunwa har jikokinka.

Na raɗa wa Kaka cewa ba wuri. Ta ce, "Ki taɓa kowane. Nan ba a mai da kwanon baƙo yadda ya zo, cin huska ne." Na taɓa kowane. Daren nan a zaune na yi barci.

Washegari ta kama Talata, ranar kasuwa. Na ga faya-fayen da matan Fulani suka saƙa da ja da baƙi da ruwan ɗorawa, har ka ji tausayin a rufe nono da su. Na ga dukawa suna ɗinka jakar fata, zare yana shiga yana fita kamar ana kiransa. Na sayi ƙaramin faifai, na yi ciniki irin na Kanawa, mai faifan ta rage min, ta ƙara min da ludayi kyauta, sai kunya ta kama ni. Amma Ladi 'yar Damaga, ba wanda ya san ta. Wata mai ƙore ta ce mu je Bakura, akwai matar da ba zanen ƙwaryar da ba ta sani ba.

Bakura

Washegari da hantsi muka shiga motar Bakura, mu da buhunan albasa da wani rago da ya ƙura min ido har muka isa. Hanya koriya shar, shinkafa dama da hagu, balbelu sun bi shanu fari fat. A kan wata tsamiya a bakin gari shamuwa sun yi sheƙa, suna kallon mutane kamar su ne masu unguwa.

Mai zanen sunanta Inna Tumba. Mun tarar da ita gaban murhu da wuƙaƙe a cikin garwashi. Takan zaro ɗaya ta ɗora a bayan ƙwarya, hayaƙi ya tashi, sai ka ga layi ya fito baƙi siɗik, ba ta auna komai. Ta ba ni in gwada a kan wani ɓallin ƙwarya. Na ce zan zana zakara. Da na gama ta juya shi sama da ƙasa ta ce, "Madalla, kunkurun ga ya yi kyau."

Ba ta tambaye mu abin da ya kawo mu ba sai da muka sha ruwa, muka ci ɗanwake. Sannan Kaka ta kwance ƙunshinta. Inna Tumba ta shafa tukkun tsuntsun da yatsa.

"Wanga hannun mutanen Damaga ne. Amma Hajiya, da yawansu sun taso saboda rashin kwanciyar hankali. Ku tahi Maradun, can bayan kasuwa sunka zauna."

Kaka ta ce, "Ladi hwa? Ɗiyar mai saƙar tabarma?"

"Ladi tana da yawa, Hajiya. Kuma tsohuwa wa ke kiranta da sunan yarinta?"

Kaka ta naɗe ƙwaryarta, muka yi sallama. A mota na ga tana murza zoben nan nata. Na so in ba ta dariya, na rasa da me.

Bakin ruwan Bakolori

Mun sake kwana a Mafara. Da safe Alhaji Mamman ya ce ba a bin hanyar Maradun sai rana ta fito sosai, kuma a dawo kafin ta faɗi. Ya haɗa mu da direban da ya yarda da shi. A hanya muka ratse bakin madatsar ruwa don Kaka ta ce tana son ganin gauraki.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na kududdufin unguwarmu ba, na ce wa Kawu lallai wancan gefen Makka ne. Agwagin ruwan nan, kirinjijiya, suna ta fito a sama, wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar an ba shi horo a makaranta. Wani guza ya fito daga ciyawa, tsawonsa ya kai tabarma. Kawu ya ce bai wuce damtse ba, amma shi ai daga bayan mota ya hango shi, don ya riga ni gudu.

Wani masunci ya gasa mana kifi, ya ƙi karɓar ko sisi, wai baƙo ba ya sayen kifin fari. Kaka ta tambaye shi gauraki.

"Ai Inna, an jima ba a gan su ba. Da can bibbiyu suke tahiya, ba ka ganin guda ita kaɗai. Yanzu ko kukansu babu."

Kaka ta daɗe tana kallon ruwan. Ta ce, "To, mu tahi."

Maradun

Unguwar mutanen Damaga ɗakuna ne na aro da rumfunan zana. Kawu ya zauna a inuwa tare da maza, ni da Kaka muka shiga gida-gida. Nan na gane wahalar da ke gabana. Ba a tsayawa a ƙofa a yi tambaya a wuce. Sai an shimfiɗa tabarma, an gaisa, an dama fura, an sha, sannan a faɗi abin da ya kawo mutum. Kaka kuwa ba ta sha, sai ta kai baki ta miƙo min. Mutane ne da suka baro gonakinsu da rumbunansu, amma ba gidan da aka ce babu.

Gida na farko na sha da murna. Na uku na sha da addu'a. An nuna mana Ladi mai ƙosai, ba ita ba ce. An nuna mana wata Ladi da ba ta fi Mama shekaru ba. Idan na yi tafiya cikina yana ƙara kamar tulu a kan jaki. La'asar ta kawo jiki, Kawu ya aiko yaro cewa direba ya ce saura kaɗan mu juya.

Wata mata ta ce mu leƙa wurin Inna Makauniya, ko ta san wani abu, ita ce mafi tsufa a cikinsu. Muka tarar da ita a bakin ɗaki, siririya, tana saƙar tabarma da lalube. Ta amsa sallama, ta ce da jikarta ta kawo fura, ta ƙara da cewa, "Ɗauko ta baƙi, ba ta roba ba."

Na ce a kunnen Kaka, "Wallahi in na ƙara kurɓa ɗaya, a nan za a yi min sallah."

Ta mintsine ni a cinya. "Karɓi, 'yar nema."

Na karɓa da hannu biyu, na rufe ido, na ɗaga. Sai yatsana ya ji wani zane a gefe. Na sauke na duba. Ja ce kamar goro. Ga tukku, ga dogon wuya.

Ni da aka ce a yi gaisuwa a sha sannan a yi magana, sai na kurma ihu, "Kaka! Ga ɗayar!" Rabin furar ya zube a zanena.

Tsohuwar ta saki kabar da ke hannunta. "Wa ke nan?"

Kaka ta matsa kusa da ita. Sai ta kwance ƙunshinta, ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a kan tsagaggiyar ƙwaryar. Yatsun suka bi baki, suka bi tsagar, suka tsaya a kan tsuntsun.

"Hajo?" in ji ta. "Hajo mai tsoron kwaɗi?"

Ban taɓa jin an kira Kaka da sunanta ba, balle in san tana tsoron kwaɗi. Na ajiye wannan don gaba.

Suka rungume juna suna kuka suna dariya. Inna Ladi ta ce ranar da suka baro Damaga ba ta ɗauki komai ba sai ƙwaryar nan da carbinta. Na shanye sauran furar don a samu ƙwarya, ba wanda ya roƙe ni. Aka kifa ta Kaka a kan tata, baki ya hau baki, duma ya koma guda. Gaurakin nan biyu suka haɗu a gefe ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Kaka ta aika wa Kawu cewa direba ya tafi, ita kwana za ta yi. Aka kira wani gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, ya huda gefen tsagar da basilla ya ɗinke ta tsaf. Aka dama sabuwar fura a ciki. Kaka ta sha, ta sha, har na ce, "Tsohuwa, a bar wa baƙi mana."

Komawa gida

Kwana biyu muka yi. Da za mu taho suka yi musaya: Kaka ta bar mai ɗinkin a wurin Inna Ladi, ta ɗauko tata. Kawu ya karɓi lambar wayar jikarta. Muka biya Mafara, Hajiya Asabe ta cika mana jaka da hoce da kilishi, har direba ya ce sai dai a biya wa jakar kuɗin kujera. Ana kiran magariba muka shiga gida lafiya.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Godiya ga mutanen Mafara da Bakura da Maradun, da duk gidan da na sha furarsa. Allah ya mayar da su gonakinsu lafiya. Zoben Kaka ya daina zamewa. Kullum da yamma sai ta sa a kira mata Maradun, su yi ta musu kan wadda ta fi tsoron kwaɗi.

'Yan ajinmu sun ce ƙarya nake, wai gauraki sun ƙare a ƙasar nan. Na ce su je su tambayi Kaka. Ni da idona na ga guda biyu a Maradun.