Minti Uku a Ƙarƙashin Karkataccen Silin

Mai Silin bai taɓa shiga ɗaki ya fara kallon mai ɗakin ba. Sallama a baki, ido a sama. Shekara talatin da ɗoriya yana yin silin mai hawa biyu, irin wanda tsakiyarsa ke shigewa ciki kamar an kife tire, a ɓoye fitilu a gefe. Kowane aiki ya gama, sai ya danna babban yatsansa sau uku a wata kusurwa tun filasta tana ɗanya, wai sa hannunsa ke nan. Ya iya aiki, wallahi ya iya. Matsalarsa ɗaya, ba ya gani ya yi shiru. Ko dubiya ya je, sai ya gaya wa majinyaci cewa layin da ke saman kansa ya kauce.

Aikin nan ne ya cinye masa haƙora. Ƙusa a baki yake riƙe ta, zare da haƙori yake tsinke shi, buhu ma da haƙori yake farke shi. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Huɗu na gaba suka fita ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ma cikin bokitin kwaɓi ya faɗa, aka shafe shi a falon wani bawan Allah.

Bai damu ba sai da jikarsa ta fara wayo. Da ya yi mata dariya, sai ta tsala ihu ta ƙanƙame uwarta. Abin nan ya yi masa ciwo ƙwarai. Mutumin da ke dariya har da buga cinya ya koma kare baki da tafin hannu duk ranar da aka kawo yarinyar.

"Malam, ka je a yi maka na roba mana," in ji matarsa. "Ko so kake ta girma tana gudunka?"

Ya je. Likitar haƙorin ta nuna masa ɗan faranti mai siffar baka, ta ce za ta cika shi da kwaɓi, ta danna masa a dasashi, ya yi minti uku ba motsi ba magana har ya kama. Daga nan a zuba filasta a ciki, a fitar da siffar bakinsa.

"Filasta? Ashe sana'armu ɗaya, 'yata!" Har ya fara koya mata yawan ruwan da ake sawa.

Aka kwantar da kujera, aka sa faranti. Nan fa idonsa ya sauka a sama. Silin mai hawa biyu ne, amma gefen da ke wajen ƙofa ya sauko da kusan yatsa ɗaya. Ya daure daƙiƙa ashirin.

"Wane mugu ne ya yi muku wannan?" Da farantin a baki ya faɗa, kwaɓi ya gangaro masa har gemu.

Mako na biyu ya rantse zai rufe ido. Ya rufe kuwa, minti ɗaya cur. Sai ido ɗaya ya buɗe da kansa, hannu ya tashi, kai ya juya yana bin layin daga bango zuwa bango. Da aka ciro farantin, siffar ta fito kamar an taka tuwon ƙasa.

Likita ta cire safar hannu ta ajiye. "Baba, mutane na jira a waje. Saura sau ɗaya. In ka ɓata, ni dai na haƙura."

Karo na uku matarsa ta ce ƙafarsa ƙafarta. Ta zauna a gefe da jakarta a cinya, ta ɗaga kai ta ƙare wa ɗakin kallo. Aka danna faranti. Ba a yi rabin minti ba maƙogwaronsa ya fara gurnani.

"Malam," in ji ta a hankali, "kafin ka zagi iyayen mai aikin, dubi kusurwar can ta wajen taga."

Ya karkata ido. Ƙarƙashin fenti, ga shatin babban yatsa guda uku a jere.

"Shekarar da na haifi babbar 'yarmu ne. Lokacin nan shagon ɗinki ne, ni na riƙa kawo maka abinci. Tun daga bakin titi na gane ginin."

Kai! Ba a taɓa ganin shiru irin wannan ba. Minti uku suka wuce, na huɗu ya shiga, mutum ko ƙifta ido bai yi ba. Kunya ta daskarar da shi fiye da yadda kwaɓin ya daskare. Sai da likita ta taɓa kafaɗarsa sau biyu ta ce, "Baba, buɗe mana, an gama." Ta ɗaga farantin a haske ta ce rabon da ta fitar da awo mai kyau haka har ta manta.

Ranar da asibitin ba ya aiki ya dawo da tsani da bokiti. Likita ta ce, "Haba Baba, ba wanda ya taɓa lura fa." Ya ce shi ya lura. Ya sa hannu zai kai ƙusa baki, ya tuna, ya jefa ta aljihu.

Bayan mako biyu aka sa masa haƙoran. Daga can, gidan 'yarsa ya wuce kai tsaye, shi da matarsa. Ya durƙusa gaban jikar, ya sauke hannu daga baki, ya yi dariya. Ta tsura masa ido, ta matso, ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ƙyalƙyale da dariya ta faɗa jikinsa.

Silin ɗakin nan akwai tsaga tun daga fitila har bango. Matarsa ta zauna tana jira ya fara. Har suka tashi tafiya bai ɗaga kai ba.